Kafin Ka Sauke Tifar Yashi

Ɗana,

Ranar Juma'ar nan da ka zo da kwamfutarka, ka ɗora ta a kan tabarma kana nuna min zanen ɗakuna goma sha biyu, iyakar abin da na ce maka shi ne Allah ya sa albarka. Na ga alamar ranka bai so ba. Wataƙila ka ɗauka tsufa ya cinye min zumuɗi. Baƙi ne a zaure, kuma maganar da ke bakina akwai tonon asirin kaina a cikinta, shi ya sa na bar ta sai a takarda.

Ka ce kana so ka gina gidan hayar da mai facin taya da malamin firamare za su iya biya ba tare da sun sayar da akuyar matarsu ba. Ka ce sana'a kake nufi, amma sana'ar da za ka tsaya gaban Allah da ita ba ka sunkuyar da kai ba. Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda fuskata ta nuna. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina karɓar kuɗin haya, kuma a tsawon wannan lokaci waɗanda suka zo neman shawara duk tambayarsu guda ce: a wace unguwa haya ta fi tsada? Kai ne na farko da ya tambaye ni yadda za a yi ta sauka.

To bari mu fara da lissafi, tunda shi ba ya jin kunyar kowa. A ce ɗaki guda, da kasonsa na fili da katanga da banɗaki, ya ci maka naira miliyan 3. A ce ka ba da shi haya dubu 150 a shekara. Kashi 5 cikin ɗari ke nan, kuma sai ka yi shekara 20 kafin uwar kuɗi ta dawo, wato in kwano bai yi yoyo ba, in masai bai cika ba, in ba wanda ya kwashe kayansa da tsakar dare. Ka ajiye wannan kashi 5 a gefe guda, ka dubi abin da idonka ya gani tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023. Buhun simintin da ake saye wajen dubu biyar ya haura dubu goma a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Mai gidan haya a irin wannan zamani kamar mai ɗiban ruwa da kwando yake, in dai kuɗin hayar kaɗai ya zuba wa ido. Abin da ke riƙe shi filin ne, wanda darajarsa ke hawa yana barci. Ka san da wannan tun yanzu, don kada shekara uku ta yi ka fara ganin 'yan hayarka kamar su suka cuce ka.

Wannan lissafin shi zai gaya maka irin kuɗin da za ka yi gini da shi. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5, na bankunan kasuwa kuwa sai abin da ya yi sama. Ko da mun ajiye maganar riba da hukuncinta, wanda ka sani na sani, ta yaya gidan da ke kawo kashi 5 zai biya bashin da ke cin kusan kashi 30? Ba inda za a samo cikon sai a wuyan ɗan haya, kuma ranar da ka fara hakan manufar da ka zo min da ita ta mutu, sai dai allon da ka kafa a ƙofa. Ka yi da naka, ko ka nemi abokan tarayya masu dogon numfashi, waɗanda za ka gaya musu gaskiyar lissafin tun kafin su sa hannu a aljihu. In kuɗin ɗaki huɗu ke gare ka, gina huɗu, ka rufa su, ka sa mutane. Kangon da ya tsaya a linta shekara biyar, awaki na kwana a ciki, bai amfani kowa ba. Kuma in filin yana bakin hanya, ka fitar da shago biyu a gaba. Hayar shago ta fi ta ɗaki, ita za ta riƙa ɗauke wa na ciki wani nauyi ba tare da sun sani ba.

Akwai labarai biyu daga ƙasashen Turawa da nake so ka riƙe, don su suka warware min abin da na daɗe ina cakuɗawa.

A birnin Augsburg na kudancin Jamus akwai wata 'yar unguwa mai katanga da ake kira Fuggerei. Wani hamshaƙin attajiri, Jakob Fugger, shi ya kafa ta, aka rubuta takardarta a 1521. Gida 67 ne, kuma har yau mutane na ciki. Kuɗin hayar shekara bai cika yuro guda ba, santi 88 ne, kwatankwacin abin da aka yanka tun farko, sai dai mazauna su biya kuɗin wuta da ruwa da makamantansu. Sharaɗin shiga shi ne mutum ya kasance mabuƙaci, mazaunin garin, ɗan ɗariƙar Katolika, kuma ya riƙa yi wa mai gidan da zuriyarsa addu'o'i uku a rana. An yi wa wurin ruwan bama-bamai a 1944, aka sake gina shi. Duk wanda ya ji wannan sai ya ce ga abin koyi. Amma ka tambaya, da me ake gyaran rufi shekara ɗari biyar? Da santi 88? Gidauniyar tana da dazuzzukan katako, daga nan yawancin kuɗin ke fitowa, ga kuma abin da masu yawon buɗe ido ke biya a ƙofa. Wannan waƙafi ne, irin wanda mu ma muka sani tun daga rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'a. Abu ne mai girma. Sai dai kai ba ka da daji a bayanka, albashi gare ka da ɗan abin da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya bari.

Labari na biyu ya fi kusa da kai. A Landan, a 1865, wata mata mai suna Octavia Hill, ba ta ko kai shekara talatin ba, ta karɓi wasu gidaje uku a wani lungu na unguwar Marylebone da ake kira Paradise Place, gidajen da ƙazanta da cunkoso suka yi wa katutu. Wani marubuci mai suna John Ruskin ne ya ba da kuɗin, fam 750, ya ce yana son ribar kashi 5 a shekara. Ba kwaɗayi ya sa shi ba. Hujjarsa ita ce in aikin ya nuna yana biyan kansa, wasu masu kuɗi za su shigo, in kuwa kyauta ce zalla, daga kansa za ta tsaya. Ita kuma matar ta shimfiɗa ƙa'ida: kuɗin haya duk mako, ba ɗaga ƙafa, wanda ya ƙi biya da gangan ya tashi. Amma abin da ya ragu bayan kashi 5 ɗin nan, gidan ake mayar wa, kuma 'yan hayar ke da bakin cewa me za a gyara. In aiki ya yanke wa magidanci, shi take bai wa aikin fenti ko gyaran gidan ya sami na biya. Ita da matan da ta horar su ke zuwa karɓar kuɗin da ƙafarsu, ɗaki ɗaki, har suka san wane yaro ne ba shi da lafiya. Kafin shekara goma 'yan hayar da ke hannunta sun kai wajen dubu uku. Tana da nata aibin, don an sha zarginta da shiga sharo ba shanu a rayuwar mutane, tana son ta tsara musu har yadda za su zauna. Wannan kada ka ɗauka. Ɗan haya ɗaki ya kama a wurinka, bai ba ka riƙon kansa ba.

Da na san labarin matar nan da wuri, da ban yi abin da zan gaya maka yanzu ba.

Gidana na farko ɗaki takwas ne. Na shiga da zuciya irin taka, sai dai ni ban yi lissafi ba. Cikin waɗanda na fara sawa akwai ɗan wani ɗan'uwanmu, ba sai na faɗi ko wane ne ba. Shekara ta zagayo bai kawo komai ba, ni kuma na ji nauyin tambaya. In mun haɗu a masallaci ya durƙusa har ƙasa, "Baffa ina wuni," sai bakina ya mutu. A gidan haya kuwa ba a ɓoye magana, katangar ɗaki ba ta kai kaurin haka ba. Na kusa da shi ya ji, shi ma ya fara kawo rabi. Kafin shekara ta uku, mutum uku ne kacal ke biya cikakke. Ni kuma ina ta yi wa kaina kirari a zuci, wai ina tara lada.

Sai ga damina. Wata ranar Agusta aka kwana ana ruwa, da sassafe aka aiko yaro ya kira ni. Na tarar da tsakar gida ta zama tafki, takalman yara na yawo a kai, katangar banɗaki ta zube rabi, an rataya tsohon zane a wurin. Kwanon ɗakin ƙarshe, wanda na san ya yi shekara yana neman gyara, iska ta ɗage shi. Ɗakin wata bazawara ce mai tuyar ƙosai, da 'ya'yanta uku. Ta fito da katifa ta jingina a bango, ruwa na tsiyaya daga gindinta, ga littattafan makarantar yaran ta shanya a kan murfin tukunya ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaishe ni yadda ta saba, sannan ta ce, "Alhaji, ni dai ban taɓa riƙe maka ko kwabo ba." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta koma ta ci gaba da matse zannuwa.

Na tsaya a cikin ruwan nan har idon sawu, na rasa amsa. Aljihuna babu kuɗin bandir ɗin kwano, don kuɗin yana wurin masu ƙarfin da na ji kunyarsu. Ashe kyautar da nake taƙama da ita ba daga dukiyata take fita ba, daga rufin matar nan take fita. An yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance: gida ya lalace, ni ban samu ba, wadda ta cika alƙawari kuma ita ruwa ya daka.

Daga ranar na raba aljihu biyu, kuma shi nake so ka yi tun daga farko. Kuɗin haya kuɗin gida ne, ana karɓarsa a kan lokaci daga hannun kowa, ɗan'uwa da bare, da rasit. Daga ciki ka ware na gyara kafin ka taɓa ko sisi, ka sa shi inda hannunka ba ya saurin kaiwa, don ranar bikin ƙanwarka zuciya za ta ce maka ara kawai za ka yi. Sauƙi kuma ka yi shi da ido buɗe. In magidanci ya kwanta ciwo, ko aka yi masa rasuwa, ko babur ɗinsa ya tafi, ka kira shi gefe ka ce wata uku na ɗauke maka, ka rubuta, ka cike gurbin daga naka kason. Wannan ita ce sadaka, ka san nawa ce, ka san wa ka ba. Barin bashi ya yi ta taruwa don kana jin nauyi kuwa, ƙarshensa gaba ce. Wanda ka ƙyale shekara uku, ranar da ka buɗe baki kai ne azzalumi a unguwa.

Sai maganar yadda ake karɓa. Mun saba da kuɗin shekara dunƙule, wani wurin ma shekara biyu. Ka duba mai shayin bakin titi: kullum yana samu, amma bai taɓa riƙe dubu 150 a hannu lokaci guda ba. In ka ce sai dunƙule, ka tura shi cin bashi, ko ka rufe masa ƙofa alhali yana da halin biya. Gwamnatoci sun gwada hana wannan da doka. Jihar Legas ta yi dokar haya a 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, Ghana kuma tun 1963 dokarta ta tsaya a wata shida, amma ka tambayi 'yan'uwanmu na zangon Kumasi ko Nima su gaya maka shekara nawa ake nema a hannunsu. Tsoro ne ke sa mai gida neman dunƙule, doka kuwa ba ta cire tsoro. Abin da ke cire shi sanin mutum ne. Ka karɓa wata wata, wanda ma ya fi son mako mako ka bar shi. Yanzu da ake turawa ta waya abin ya yi sauƙi, amma kada sauƙin ya hana ka taka ƙafa. Ka je ko sau ɗaya a wata, ka yi sallama daga zaure, ka jira a yi maka iso, don gidan naka ne a takarda amma matan mutane ne a ciki. Ka tambayi abin da ya lalace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tsagar da za a toshe da rabin buhun siminti a watan Maris ita ce ke kayar da katanga a Agusta.

Zanenka na duba shi da kyau bayan ka tafi, tunda ka bar min kwafi. Ɗaki goma sha biyu, banɗaki biyu. Ɗana, ka taɓa kwana a gidan haya? Ka je ka tsaya a irin wannan gida da asuba, ka ga magidanci riƙe da buta yana kai da kawo, an kusa tayar da salla, ga yara biyar a layi za su makaranta, ga matar wani a ciki ba ta da niyyar fitowa. Yawancin faɗan da na raba a shekarun nan daga wuri uku ya taso: banɗaki, ruwa, kuɗin wuta. Ka rage ɗaki biyu ka ƙara banɗaki, na maza daban na mata daban, ƙofofinsu kada su kalli juna. Ka haƙa sokawe mai zurfi, nesa da rijiya, a inda motar kwasa za ta iya isa. In da hali ka yi burtsatse, don abin da iyali ke bai wa 'yan garuwa a wata, in ka tara, wani lokacin ya kusa kamo kuɗin ɗakin. Wuta kuma kowa da mitarsa in zai yiwu, in ba haka ba mai fanka ɗaya zai yi ta biya wa mai firji da dutsen guga, kuma ba zai yafe ba.

Tayil da fenti mai sheƙi da ka sa a zanen, cire su. Daɓen siminti mai kyau ya isa. Kuɗin ka kai shi inda ido ba ya gani: harsashi mai tsayi da zai fi ƙarfin ruwan layi, kwano mai kauri, silin saboda zafin Afrilu, taga biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa. Ka bar wa mata wurin girki mai inuwa da wurin shanya. Arha a wurin talaka ba kuɗin ɗaki kaɗai ba ne, har da kuɗin maganin zazzaɓin da kwata mai kwantar da ruwa za ta jawo masa.

Takardun fili ba zan tsawaita ba, ka fi ni sanin ofisoshin. Tun dokar 1978 ƙasa a hannun gwamna take, don haka takardar mai unguwa da shaidu ita ce farkon tafiya, ka bi ta har ka sami ta gwamnati da izinin gini. Ka tambayi maƙwabta ko filin gado ne, in gado ne ka ga magada duka da idonka.

Jarrabawarka ta gaskiya ba a wurin gini take ba, tana zuwa ne bayan shekara huɗu ko biyar, ranar da unguwa ta cika, aka ja kwalta, aka kawo taransifoma. Ranar dillali zai zo maka da fara'a, ya zauna a dakali ya ce, "Alhaji, ai gidan nan zubar da shi kake yi. Akwai angon da zai ba da ninki biyu yau ɗin nan, a ba waɗannan notis kawai a yi fenti." Kada ka ga laifinsa da yawa, da la'ada yake ci, kuma la'ada ba ta fitowa sai an sauya ɗan haya. Maganarsa kuma za ta shige ka, don a lokacin kana da iyali, ga kuɗin makaranta. Shi ya sa nake so tun yau, da zuciyarka ke da sanyi, ka rubuta wa kanka iyaka: ribar da za ka ɗauka kashi kaza ce, ƙari sau ɗaya a shekara, gwargwadon yadda kayan gyara suka tashi, da sanarwar wata uku, kuma ba a tayar da mai biya don wani ya fi shi kuɗi. Ka sa abokan tarayyarka su sa hannu, ka ba ni kwafi in ajiye. Ƙari kam dole ne ka yi, kada ka ce ba za ka yi ba. Wanda ya bar haya wuri guda shekara shida don kirki, rana ɗaya zai ninka ta uku, ya fi mai ƙarin kaɗan kaɗan gigita mutane.

Dillalan nan za su kuma ce maka kada ka bai wa bazawara, kada ka bai wa mai 'ya'ya da yawa, kada ka bai wa wanda ba ɗan gari ba. To in ka cire waɗannan, wa ya rage cikin mutanen da ka ce don su kake yi? Ka binciki hali, wannan wajibi ne: ka tambayi inda mutum ya taso, ka ji daga bakin mai unguwarsu ko limaminsu, ya kawo wanda zai tsaya masa. Amma ni a littafina, matan da ke riƙe da marayu da sana'ar hannunsu sun fi wasu masu albashi cika alƙawari nesa ba kusa ba. Mai ƙosan nan shekara goma sha ɗaya ta yi a gidana, sai da babban ɗanta ya gina musu ɗaki biyu a bayan gari ta tashi. Har yanzu duk azumi sai ta aiko min da ƙullin gari.

Akwai abu guda da ni ban gama warware shi ba, ina gaya maka ne don ka fara tunaninsa da wuri. Na ga gidajen mutanen kirki da yawa, mai gida ya rasu, kafin a yi arba'in an kira masu ƙima, an sayar an raba, sabon mai gida ya ba kowa wata uku. Magada ba su yi laifi ba, haƙƙinsu ne. Amma in kana son abin ya wuce tsawon ranka, sai ka zauna da malamai da lauya tun kana da lafiya, ka ji yadda ake fitar da wani sashe a matsayin waƙafi, da abin da wasiyya za ta iya ɗauka wanda bai wuce sulusi ba, da yadda kamfani mai rajista ke ci gaba bayan mai shi. Ni na yi sakaci, sai yanzu da gwiwa ta fara ciwo nake bin malamai da tambaya.

Filin da ka ce an nuna maka, kada ka ba da ko kafin alƙalami tukuna. Ka gan shi da rani, kowane fili kyakkyawa ne da rani. Ka bari a yi ruwa mai ƙarfi, washegari da sassafe ka zo ka ɗauke ni mu je mu ga inda ruwan ya bi da inda ya kwanta, mu kuma ɗan zauna wurin mai shayin layin mu ji abin da mutane ke biya. Ka taho da tef ɗin awo, nawa yara sun ɓatar. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya yi amfani.

Baffanka.